Kwandon injin espresso: yanda zaka gane irin naka da su waye ke ƙera na kirki

Injinan espresso sun fara yawa a gidajen Kaduna, wani ya tsinci nashi cikin kayan gwanjo, wani ɗan'uwa ne ya aiko mishi daga Ingila, wasu kuma masu ɗan shagon shan gahawa ne a Barnawa ko Unguwar Rimi da suka zuba kuɗi suka sayi babba. Toh amma kusan kowa hankalinshi na kan injin ne, ba mai kallon ɗan ƙaramin kwandon ƙarfen nan da ake zuba garin gahawa a ciki, alhali shi ke yanke hukuncin abun da zai sauko cikin kofi. Masu sayarwa a intanet filter basket suke rubutawa, mariƙin da yake zama a ciki kuma portafilter, waɗannan sunayen zaka buga in kazo nema.

Abu na farko, ciro kwandon daga mariƙi. Sa bakin cokali a ƙarƙashin leɓenshi ka ɗan ɓanɓara zai fito, wata 'yar waya ce mai sifirin ke riƙe dashi daga ciki. Wanke shi ka goge sai ka ɗaga shi saitin rana ka leƙa ta ciki, sannan ka juya ka kalli bayanshi. In ta ciki ƙofofi ne birjik amma ta baya ƙofa ɗaya tal ka gani kamar an soka allura, naka mai bango biyu ne, wanda suke rubutawa pressurised ko dual wall. In kuwa haske ya ratso ta ɗaruruwan ƙofofi har kana hango inuwar yatsanka ta baya, mai bango ɗaya ne, irin wanda ƙwararru ke aiki dashi.

Bambancin nan shine uwa uba, saboda haka bari in ɗan daɗe a kai. Espresso ruwan zafi ne ake turawa da ƙarfi ta cikin gari, matsin wajen bar 9 (bar ma'aunin matsi ne), kuma dole a samu abun da zai tare ruwan kafin matsin ya taru. A kwando mai bango ɗaya garin ne da kanshi ke tarewa, in niƙan yayi laushi daidai ruwa zai sha wahala kafin ya wuce ya kwaso zaƙi da mai da ƙamshi, in yayi tsaki-tsaki ruwa ya zarce fuu cikin daƙiƙa goma ka samu ruwa-ruwa mai tsami. A mai bango biyu kuwa ƙofa ɗayan nan ce ke tarewa, kamar dai yanda yaran wankin mota ke danne bakin tiyo da yatsa ruwa ya fita da ƙarfi, ko wane irin gari ka zuba matsi zai taru, kuma fesowar da yake yi ta matsattsiyar ƙofa ita ke kaɗa kumfa a sama. Kumfar tana da kyan gani a hoto amma mai manyan ƙwayoyi ce mara nauyi, ba ɗaya take da crema ba, wato kumfar espresso ta asali wadda ke fitowa daga iskar dake cikin gahawa mai sabon suya.

Kar wani yasa ka raina mai bango biyu fa. In garin leda kake saya a sufamaket, irin su Lavazza da aka niƙa tun a Italiya watanni da suka wuce, ko kuma da ɗan injin nan mai wuƙa na niƙa kayan yaji kake niƙa naka, toh wallahi mai bango biyu shine daidai kai, zauna dashi lafiya. Duk wanda ya sa garin leda a kwando mai bango ɗaya zai ɗauka an cuce shi ne a ciniki, ruwa zai zubo kamar an buɗe famfo. Sharaɗin komawa bango ɗaya shine injin niƙa mai haƙora wanda ake iya ƙara mishi laushi kaɗan-kaɗan, ko na hannu ne ya wadatar in dai anyi shi don espresso, da kuma ƙwayar gahawa wadda ba'a daɗe da soyawa ba. In baka da waɗannan biyun ajiye kuɗin kwando ka tara na injin niƙa tukuna, ni a wajena wannan maganar tafi duk sauran da zan faɗa nan gaba.

Kuma bar 15 ko 20 ɗin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali iyakar ƙarfin famfon ne, ba ruwanshi da zaɓen kwando.

Sai girma. Anan ne kuɗin mutane ke salwanta don in kayi oda daga waje ta iso Kaduna bayan makonni ka tarar bai shiga ba, maidawa tafi saye tsada. Girman da yafi yawa shine milimita 58, shine na manyan injinan shago da duk masu kan E61, wato wani samfurin kan injin inda ake ɗaura mariƙi, wanda kamfanin Faema ya fito dashi a 1961 har yau ana kwaikwayo, haka Rancilio Silvia da Gaggia Classic duk 58 ne. Breville irin su Barista Express da Bambino 54 ne, kuma in kaga an rubuta Sage kar ka ruɗe kamfani ɗaya ne, a Ingila da Turai Sage suke sa mishi a Amurka da Ostareliya Breville. De'Longhi Dedica siririn nan 51 ne, da yawancin ƙananan injinan China masu araha. Akwai 'yan tsiraru a tsakani, Lelit Anna 57, La Spaziale 53, tsoffin La Pavoni masu hannun ja 49 sababbin 51. Tunda an ambaci na Amurka, duba bayan injin in 110 ko 120 aka rubuta kar ka soka a soket ɗinmu na 230 kai tsaye, sai da taransifoma mai ƙarfi, in ba haka ba maganar kwando ma bata taso ba.

Yanda zaka auna, ɗora rula a saman kwandon ka auna faɗin ciki daga bango zuwa bango, banda leɓe. Rula zata raba maka 51 da 54 da 58 ba matsala, amma 57 da 58 ko 53 da 54 sai da kalifa (caliper, ma'aunin nan na masu aikin ƙarfe), ka kai wa masu juya ƙarfe a Panteka ko wani bakanike zai auna maka cikin minti ɗaya. Tunda kaje ka sa ya auna abu uku gaba ɗaya, faɗin ciki, faɗin leɓe daga waje, da zurfin mariƙin kanshi. Leɓen nan yana da muhimmanci don shi ke haɗuwa da robar dake cikin kan injin, ko a cikin masu 58 ɗin akwai mai leɓe 70 akwai mai 68, in bai dace ba ko mariƙi yaƙi ɗauruwa ko ruwa ya dinga tsiyaya ta gefe. Rubuta lambobin a waya ka ajiye.

Masu Dedica ku kula, mariƙin da yazo da injin an tsara shi ne don kwandunanshi masu bango biyu, yawanci hanya mafi sauƙi itace ka sayi sabon mariƙi na 51 mara gindi, wato wanda ƙasanshi a buɗe yake kana ganin bayan kwando, ka ƙirga kunnuwan naka kafin oda don Dedica kunne uku gareshi wasu tsoffin De'Longhi kuma biyu. Masu Gaggia Classic kuma akwai wani ɗan baƙin roba kamar ƙusa a cikin mariƙi ƙarƙashin kwando, na mai bango biyu ne, in ka koma bango ɗaya cire shi ka adana. Masu Barista Express ku baku da asara, kwanduna huɗu yake zuwa dasu biyu masu bango ɗaya biyu masu bango biyu, sai dai in na gwanjo ne an zubar da wasu a hanya.

Zurfi shi ke nuna giram nawa zai ɗauka. A al'adar Italiya kofi ɗaya giram 7 ne biyu 14, yanzu yawancin mutane 18 suke zubawa, akwai kuma masu zurfi na 20 da 22. Ɗan kwandon kofi ɗaya mai tsukakken gindin nan shawarata ka jefa shi durowa, siffarshi tasa garin baya dannuwa daidai, tsakiya da kauri gefe ba kauri, ko gwanaye yana basu ciwon kai. Koyi da na biyu, in yayi maka yawa ka raba da maiɗaki ko ka zuba madara. Masu zurfin 22 kuma sau da yawa basa shiga mariƙi mai baki, gindinsu na tokarewa, sai mara gindi.

Kar ka yarda da lambar da aka rubuta ido rufe, don suya mai duhu tafi mai haske cika wuri, giram 18 na baƙar suya zai iya cika kwando fal na jar suya kuma ya bar fili. Gwajin mai sauƙi ne, zuba ka danna ka ɗaura mariƙi a injin ba tare da ka kunna ruwa ba sai ka kwance ka duba. In kaga shatin rariyar sama, wato rariyar dake kan injin inda ruwa ke saukowa, ko kan sukurun ta a jikin garin ka cika da yawa rage giram ɗaya. Turawa kwandala suke ɗorawa a kai su ga ko zata nutse, mu da rabonmu da ganin kwandala a kasuwa an daɗe, shatin kawai ya ishe ka. In kuma bayan ka gama ka tarar da garin ya zama caɓi ruwa kwance a sama, fili yayi yawa, baya ɓata ɗanɗano sosai amma alama ce kwandon yafi ƙarfin abun da kake zubawa.

Akwai kuma ridged da ridgeless da zaka gani a talla. Na farko yana da ɗan tudu zagaye da jikinshi wanda wayar sifirin ke kamawa, baya faɗowa in kana buga mariƙi don zubar da tuƙa, na biyu sumul yake, garin na fita tsaf kuma cire shi ba wuya. A kofi ba zaka ji wani bambanci ba, zaɓi wanda ka samu.

Toh su waye ke ƙerawa. Yawancin kamfanonin injin basa buga kwando da kansu, bayarwa suke a yi musu, kuma sunan da zaka fi cin karo dashi shine IMS, kamfanin Italiya ne dake kusa da Pavia tun 1946 suke aikin buga ƙarfe, suna yi wa masu injina kwanduna da rariyar sama sannan suna sayar da nasu masu inganci da sunan Competition, akwai kuma E&B Lab shima nasu ne. Abun da nake so da IMS lambar jikinsu tana gaya maka komai in ka iya karantawa. Misali B70 2T H24.5, B70 faɗin leɓe kenan milimita 70, 2T kofi biyu, H kuma tsayin kwandon, duk yanda lambar H ta ƙaru garin da zai ɗauka ya ƙaru. Kaga amfanin awon da nace kayi a Panteka, kana riƙe da lambobinka sai dai ka gwada kawai. Kuma suna yin na 54 da na 51, abun da ya sa masu ƙananan injina kusan duk wajensu suke ƙarewa.

Na biyu VST, na Amurka, kamfanin wani injiniya Vince Fedele wanda aka fara saninshi da na'urar auna ƙarfin gahawa. Da yazo yana aune-aune sai ya lura kwanduna biyu iri ɗaya a injin ɗaya basa bada sakamako ɗaya, da aka duba ƙofofin ta madubin ƙara girma sai ga wasu manya wasu ƙanana wasu ma a toshe tun daga masana'anta. Daga nan ya shiga yin kwandon da ake tantance ƙofofinshi da kyamara ɗaya bayan ɗaya, masu ƙera injin La Marzocco na Florence a Italiya ma sunyi aiki tare dashi wajen kwandunan injinsu Strada. VST na zuwa da girma 15, 18, 20, 22 da sauransu, kuma ƙa'idarsu kar ka wuce giram ɗaya sama ko ƙasa da abun da aka rubuta, na 18 tsakanin 17 da 19 kenan. Na asali yana da wata 'yar alama mai murabba'i da aka zana da lesa a gefe, da takardar gwajinshi a cikin kwali. Na bogi sun cika intanet, in kaga farashi ya faɗi warwas kuma ba takarda, ka san inda aka dosa. Don masu 58 ake yinshi, masu Dedica da Bambino ku wuce kawai.

Gaskiya tsakanin biyun nan ni IMS nake nuna wa mai farawa. VST bangonshi a miƙe yake ƙofofi sun bazu har kusa da gefe, ruwa na wucewa da sauri, dole ka ƙara laushin niƙa, kuma baya yafiya ko kaɗan, ɗan karkacewar hannu wajen dannawa ko ɗan dunƙule a cikin gari sai ruwa ya samu hanya ɗaya yabi. IMS ɗin gama-gari gindinshi a ɗan lanƙwashe yake, yana rufa asiri, kuma yafi sauƙin kuɗi. Mai shago da ke da injin niƙa na kirki da kawuna biyu ko uku a injinshi shine VST yafi yi wa rana, don duk kan da yaro ya ɗaura abu ɗaya zai fito.

Bayan su akwai Pullman na Ostareliya, waɗanda aka fi sani da ƙera madanni, abun danna gari a kwando, suna da kwando mai suna 876 adadin ƙofofinshi kenan. Sai sabon yayi na su Weber Workshops da Wafo da Sworksdesign, gindi shimfiɗe ƙofofi har bakin bango, an yi su ne don masu son tatse jar suya har ƙarshe, kuɗin ɗaya zai sayi IMS da yawa, in ba injin niƙanka ya kai ba asarar kuɗi ce. Ta ɗaya gefen kuma kamfanoni irin su Normcore da MHW-3BOMBER suna yin masu araha a kusan kowane girma, kuma ba laifi suna aiki, sunfi waɗanda ba suna ba lamba nesa ba kusa ba. Kowanne ka saya dai in ya iso maimaita gwajin rana, ɗaga shi ka duba, ƙofofin su zama girma ɗaya a jere ba toshewa, ka shafa yatsa ta ciki kaji sumul ba ƙaiƙayin ƙarfe.

Ranar da sabon kwando ya iso ga yanda zaka fara. Sikeli mai auna giram da ɗigo dole ne, irin ƙananan nan na masu gwal ma yayi. Bari injin da mariƙi suyi zafi tare, goge kwandon ya bushe ƙayau, auna 18 in na 18 ne, barbaza garin da siririyar allura ko waya har dunƙulen su watse, daidaita sama sannan ka danna a miƙe. Ba sai ka hau kai da ƙarfin tsiya ba, ka danna har kaji ya daina nutsewa shikenan, miƙewar tafi ƙarfin amfani. Ɗora kofi kan sikeli ka kunna, abun nema giram 36 cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Ya fito da wuri kuma da tsami, ƙara laushi. Yana ɗiga da ƙyar ga ɗaci mai kama maƙogwaro, sassauta. Abu ɗaya zaka dinga canzawa a lokaci guda, in ka taɓa niƙa bar giram yanda yake, in ba haka ba bazaka taɓa gane wanne ne yayi aiki ba. Kuma ka sa a ranka kofunan farko zubarwa zakayi, kar ka fara gwaji da 'yar tsadar da aka kawo maka tsaraba, samu ta gida irin arabika ta Mambila in ka dace da sabon suya.

Madannin da yazo da injin sau da yawa roba ne kuma baya cika kwando, yana barin zoben gari a gefe wanda bai dannu ba, nan ruwa ke fara ɓullewa. Kwandunan 58 masu inganci madanni 58.5 suka fi so, masu Breville kuma 53 ko 53.3 tunda dole ya ɗan gaza faɗin kwandon kafin ya shiga.

Mariƙi mara gindi shine malamin da zai nuna maka gaskiya. Durƙusa ka leƙa ƙasan kwandon lokacin da ruwa ke sauka, in komai daidai ne zakaga ɗigo-ɗigo masu duhu sun tsatso ko'ina lokaci ɗaya, su taru su haɗe a tsakiya su zama igiya ɗaya mai ratsin ja da ruwan zuma. In akwai matsala gefe ɗaya zai riga, wani wuri ya zauna a bushe, ko wani siririn tsartuwa ya harbo ta gefe, kuma shi baya zaɓen inda zai sauka, don haka kar ka gwada wannan da farar shadda ranar Juma'a.

Yanayin garinmu ma yana da nashi hannun. Da hunturu iska ta bushe garin na manne wa jikin injin niƙa yana tashi yana watsewa, ka jiƙa bayan cokali da ruwa ka juya ƙwayar dashi kafin ka niƙa zai kwanta. Da damina kuma gari na shan danshi, saitin da ya maka daidai a watan Janairu zai iya shaƙe injin a Agusta, ba kwandon bane ya lalace sake saiti kawai zakayi.

Wanki kuma, duk bayan amfani buga tuƙar ka ɗauraye ka goge, kar a bar shi ya kwana da gari a ciki don man gahawa na daskarewa a ƙofofin ya koma ɗaci. Lokaci-lokaci jiƙa shi a ruwan zafi da garin wanki na injin espresso irin Cafiza ko Puly Caff na ɗan mintuna, ƙarfen kawai banda hannun roba ko katako, mariƙin alminiyam kuma kar ya shiga ciki zai yi baƙi. Kar a bari yara su dirje shi da soson ƙarfe, kar kuma a dinga zungurar ƙofofin da allura ana buɗa su, sai dai ƙofa ɗayan nan ta mai bango biyu in ta toshe. In kaga wani kwando a kwali wanda ba ƙofa ko ɗaya ba kuskuren masana'anta bane, na wanke cikin injin ne ta hanyar maida ruwa baya, kuma injina masu bawul na sakin matsi irin Silvia da Gaggia Classic da masu E61 ake yi wa, Dedica baya cikinsu. Ruwan borehol mai gishiri-gishiri kuma yana tara farin ƙasa a tukunyar injin da rariyar sama, in butar gidanku tana yin fari a gindi toh kar ka zuba wannan ruwan a injin, nemi tatacce.